Jarrabawar da ke Gaban Mai Son Zama Likitan Ƙafa

Jugu da Paraku garuruwan Jamhuriyar Benin ne da ƙafa ta gina. Tun kafin zuwan Faransawa, ayarin fatake da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja neman goro a nan suke yada zango, kuma zuriyarsu na nan a unguwannin Zongo har gobe. Su fataken, kaushi da faso da kurkunu ne suka dame su. Kurkunu ya tafi, domin a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Jamhuriyar Benin ta rabu da shi. Abin da ke cin ƙafa yanzu daban ne: karayar haɗarin babur, saran maciji a gona, da gyambon ciwon sukari, wanda ke kashe jijiyoyin tafin ƙafa har ƙaya ta soki mutum bai ji ba, sai rauni ya ruɓe a kai ga yanke ƙafar. Gaɓar da ke da ƙashi 26, take ɗauke da nauyin mutum duk yini, ta cancanci masaninta. To ta wace ƙofa matashin Jugu ko Paraku zai shiga wannan ilimi?

A Amurka, likitancin ƙafa makaranta ce mai zaman kanta. Ɗalibi yakan gama digirin farko, ya zauna jarrabawar MCAT, wadda masu neman sauran makarantun likitanci ke zaunawa, sannan ya yi shekara huɗu a makaranta da wasu uku na horo a asibiti. Jarrabawar tana cin sa'a bakwai da rabi, kashi huɗu ce, makinta daga 472 zuwa 528. Kashi uku kimiyya ne: ilimin halittu, sinadarai, fizis, halayyar ɗan Adam da zamantakewa. Na huɗun kuwa babu kimiyya a cikinsa ko kaɗan. Rubutu ne za a ba ka, na tarihi ko falsafa ko adabi, a tambaye ka me marubucin yake nufi, kuma ina hujjarsa ta yi rauni. A Faransa kuma kula da ƙafa sana'a ce ta shekara uku bayan sakandare, ba digirin likita ba.

Benin tsarin Faransa ta gada, don haka ƙofarta ita ce Bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, musamman a sassan kimiyya, seri C da seri D. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, tana da tsangayar koyon likitanci da cibiyar horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, ɗalibanta kuma suna koyon aiki a babban asibitin Borgu da ke garin. Ɗaya tsangayar tana Kwatano. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa. Maki goma cikin ashirin ya isa a ce ka ci Bak, amma likitanci masu manyan maki yake ɗiba, irin waɗanda suka haura 14 ko 16. Wanda ya samu shiga zai yi aƙalla shekara bakwai kafin ya zama likita, daga nan ne zai karkata ga tiyatar ƙashi ko kula da masu ciwon sukari, inda aikin ƙafa yake. Ra'ayina shi ne, Bak da MCAT, duk da nisan da ke tsakaninsu, abu ɗaya suke aunawa: iya karanta abin da ba ka taɓa gani ba, ka ciro hukunci daga cikinsa. Wanda ya gane haka tun yana aji biyu kafin tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, ya riga ya yi rabin shiri.

Dubi takardar ilimin halittu ta seri D. Tana buɗewa da kashin da ake so ɗalibi ya tsara abin da ya sani a kan wani batu, sannan kashi mafi nauyi ya biyo, inda ake ba shi jadawali ko zane ko sakamakon gwaji a ce ya warware matsala da su. A ce an nuna masa yadda sukarin jinin mutum biyu ya hau ya sauka bayan cin abinci. Wanda ya haddace cewa insulin daga wata gaɓar ciki mai suna pankiriyas yake fitowa bai gama komai ba, sai ya iya cewa wannan layin da ya ƙi sauka shi ne na mara lafiya, ga kuma dalili. Shi ya sa tsofaffin takardun jarrabawa suka fi littafin darasi amfani a shekarar ƙarshe, muddin an zauna musu da agogo, littafi a rufe, sannan aka koma kan kowane kuskure aka binciko tushensa. Karanta amsar da aka riga aka warware yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali kallon kitse yake wa rogo.

Za a ce ai hadda gadonmu ce. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo ya fi kowa riƙe abu, me zai sa a raina ta? Ba a raina ta ba. Sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da magunguna haddace su ake yi, kuma tsarin allo, wato kaɗan-kaɗan kullum da tilawar abin da ya wuce, ya fi tsarin kwana uku ba barci gab da jarrabawa. Sai dai su kansu malaman zaure ba su taɓa ɗaukar mahaddaci a matsayin mai fatawa ba, sai ya zauna ya karanci fiƙihu ya iya ɗora mas'ala a kan hukunci. Jarrabawar likitanci fatawa take nema.

Akwai kuma darasin da ba a rubuta shi a jadawalin kimiyya ba, wato harshe. Yaron Zongo da Hausa ya tashi, a kasuwa ya ji Dendi ko Baatonu ko Yom, Faransanci kuwa sai a lakwal. Yakan san amsa sarai ya faɗi, don bai bambance tambayar da ta ce ya bayyana da wadda ta ce ya kafa hujja ba. Maganin wannan karatu ne mai yawa a wajen manhaja, jarida da labari da duk abin da ya samu, tare da rubuta amsa cikin cikakkiyar jimla kowace rana. Mai hangen Amurka nauyinsa biyu ne, domin MCAT da Ingilishi ake yin ta.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na kuɗi da adalci. Ɗan mai hali yana da malamin gida da lantarki da ɗakin kansa, ɗan talaka yana tsaron shago bayan la'asar, kuma maki ba ya nuna wa zai iya wanke gyambo mai wari ba tare da ya yamutsa fuska ba. Duka gaskiya ne. Amma idan aka cire maki, abin da zai maye gurbinsa ba tausayi ba ne, sanayya ce, ita kuwa ɗan talaka ya fi rasa ta. Kuma abin da ya fi tasiri a shiri ba shi ne mafi tsada ba: ɗalibai huɗu da allon bango da alli, kowa ya tashi ya yi wa saura bayani su kama shi inda ya kauce. Aikin da ke jiransu ma haka yake. A asibitin Jugu ko na Paraku, gwajin farko ga ƙafar mai sukari wani siririn zare ne na roba da ake danna wa tafin ƙafa da nauyin giram 10, a tambayi mara lafiya ko ya ji, cikin harshen da yake ji.