Ciwon Carney: Ƙari Uku a Jiki Ɗaya, Amma Ba Na Gado Ba

Jawabin kimiyya na yau a kan wani ciwo ne wanda ba safai akan gamu da shi ba.

A shekarar 1977 wani likita mutumin Ailan, J. Aidan Carney, na asibitin Mayo a Amurka, ya ba da labarin waɗansu 'yan mata bakwai waɗanda ba su haɗa dangi ba, amma ciwonsu iri ɗaya. Ciwon kuwa ƙari ne iri uku. Ɗaya yakan tsiro a bangon tumbi, ya riƙa zubar da jini a ɓoye har jinin mutum ya ragu. Na biyu na guringuntsi ne a cikin huhu. Na uku yakan fito kusa da jijiyoyi, wani sa'i ya jawo hawan jini da faɗuwar gaba da gumi.

A 1999 Carney ya tara labarin majinyata 79, mata 67, maza 12. Galibinsu ƙari biyu ne kaɗai ya bayyana gare su, kuma tsakanin na fari da na biyu akan yi shekaru.

To, ina dalili? A 2014 masana suka gano cewa wata ƙwayar halitta mai suna SDHC ba lalacewa ta yi ba, toshe ta aka yi a cikin ƙarin, kamar fitila mai kyau da aka kife da kwano. Saboda haka ba a san ciwon da bin zuriya ba. Amma yana da wani makamanci, ciwon Carney da Stratakis, wanda aka bayyana a 2002, shi kuwa gadonsa ake yi.

Rarrabe su muhimmin abu ne a birni kamar Riyad, inda auren zumunci ya yawaita kamar a ƙasar Hausa, inda kuma Asibitin Sarki Faisal, da aka buɗe a 1975, ya shahara wajen binciken cututtukan gado. Idan gwajin jini ya nuna na gado ne, sai a duba 'yan'uwa da 'ya'ya. Idan kuwa ba shi ba ne, hankalin dangi ya kwanta, kada a ƙyamaci aure a gidan.

Babban magani shi ne fiɗa. Ciwon yana tafiyar hawainiya, amma yakan komo, don haka wajibi ne majinyaci ya riƙa ganin likita muddin ransa.