Layin biyan kuɗi: ka kyautar da gurbinka, ban da na wasu

Tuna yadda kake sayen kwanon gero ranar Lahadi a kasuwar Ɗambatta. Za ka yi sallama, ku gaisa, a tambayi mutan gida da damina, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama, ya auna, har ya yi maka gyara. Ba wanda zai ce ka ɓata masa lokaci, domin masu gero suna da yawa, wanda ya gaji da jira sai ya matsa rumfar gaba.

To amma ranar da ka hau mota ka shiga Kano, ka faɗa babban kanti irin Sahad ko Jifatu, lissafin ya canza. Farashi na jikin kaya, babu ciniki, kuma duk wanda ya ɗauki abu sai ya bi ta gaban mai karɓar kuɗi kafin ya fita. Idan mutum goma ne a bayanka, ka ɓata minti uku kana laluben aljihu, ka cinye wa jama'a rabin awa ke nan. A cikinsu akwai mai goyo, akwai wanda ya bar ɗan Adaidaita yana jiransa, akwai mai son komawa gida kafin magariba.

Kada wani ya ce maka layi al'adar Turawa ce. Kai da ka taso kana jera jarka a bakin famfo, kike jera roba a wajen injin markaɗe, kun san dokar tun kuna yara: wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Abin mamaki, yaron da ba zai yarda a tsallake masa jarka ba, shi ne idan ya girma ya sa shadda zai miƙa hannu ta saman kan mutane yana cewa, "Ɗan'uwa, ruwa ɗaya ne kawai."

Iyayenmu sun ga lokacin da aka koyar da layi da bulala. A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da shirin yaƙi da rashin ɗa'a, wato WAI, kuma bin layi ne darasinsa na farko. Mu kuwa namu darasin a farkon 2023 ya zo, lokacin canjin kuɗi, da muka wuni a bakin ATM da shagon masu POS. Ka tuna zafin da ka ji sa'ad da wani mai hanya ya zo daga baya aka shigar da shi ta gefe? To haka na bayanka yake ji idan ka yi masa.

A Jamus akwai kantunan rangwame da suka bazu a duniya, Aldi da Lidl. Aldi 'yan'uwa biyu ne suka gina shi daga birnin Essen, Karl da Theo Albrecht. Cikin dabarun da ke sa kayansu araha akwai ƙarancin ma'aikata da saurin sallamar mutane. Ba mai zuba maka kaya a leda. Mai karɓar kuɗi yana wucewa da kayan ta gaban na'ura cikin sauri, kai kuma kana mayar da su kwando ko keken tura kaya. Da ka biya sai ka matsa wani dogon kanta da aka tanada a gaba, can za ka tsaya ka shirya jakarka a tsanake. Wanda ya tsaya shirya kaya a gaban kashiya, harara zai sha. Ba sai mun kwaikwaye su a komai ba, amma wannan ɗin abin ɗauka ne.

Saboda haka ka gama sayayyarka kafin ka shiga layi. Ajiye kwando ya riƙe maka wuri kana zagayen neman taliya wayo ne, kowa kuma yana gani. Ka yi lissafi tun kana ɗauka, don kada sai an buga jimilla ka fara cewa a cire madara, a cire sabulu. Kuɗi ko kati su kasance a hannunka. In taransifa za ka yi, buɗe manhajar bankin tun kana cikin layi. In kuwa sabis ya ƙi, alat bai shigo ba, ka koma gefe a sallami na bayanka. Wayar da ake kiranka ma ta jira. Gaisuwa kam wajibi ce, mai karɓar kuɗin nan mutum ne, ya wuni yana fama da jama'a, amma "sannu da aiki" ta wadatar.

Wajen zuba kaya, masu nauyi a ƙasa: man gyaɗa, gwangwani, shinkafa. Burodi da ƙwai a sama. Omo da sabulu da maganin sauro a ware su daban, kada sukari ya isa gida yana ƙamshin wanki. Rasit ɗinka ka duba shi, haƙƙinka ne, amma a gefe. Kuma ka taho da jakarka ko bakko daga gida. Kai da ka fito daga ƙasar noma da kiwo ka san inda leda ke ƙarewa: a gona, a kwata, a cikin tumbin akuya. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

Saura magana mai wuya. Ga dattijo ya shigo, ko mai juna biyu, ko mai lalura, tarbiyyarmu ta ce a ba su hanya, kuma gaskiya ne. Sai dai ka lura: idan ka sa mutum a gabanka, ba kai kaɗai ka ja baya ba, duk wanda ke bayanka ya ja. Gurbinka naka ne, kana iya kyauta da shi, na sauran kuwa ba naka ba ne. Ko dai ka juya ka ce, "Jama'a, don Allah a bari Baba ya wuce," da wuya a samu mai musu, ko kuma ka ba shi wurinka kai ka koma inda ya kamata ya tsaya. Amma abokinka mai lafiya garau da ya hango ka ya taho da murmushi, ku gaisa, ka nuna masa ƙarshen layi.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Haka ne, sai dai cin haƙƙin mutane da yawa daga "ai ɗan kaɗan ne" yake farawa. Matashin da ya saba jiran lokacinsa a gaban kashiya, ranar da aka ba shi rabon taki ko jerin sunayen masu neman aiki, zai yi wuya ya ɗauko na ƙasa ya ɗora a sama.