Yadda ake sa sabon fenti ya dace da tsohon bango



In ka ratsa unguwar Birni a Damagaram, za ka ga gidajen ƙasa masu zane a fuska da zankwaye a bisa. Fadar Sarki kanta tun wajajen 1850 take tsaye. Launin gidajen nan ba ya ɗaukar ido, don rana ta daɗe tana cin shi, ƙurar hunturu kuma ta kwanta bisanshi. Shi ne ake cewa launi ya koɗe.

To, ga damina ta zubar maka da wani gefen bango, magini ya yaɓe. In ka shafa sabon fenti mai ƙyalli, wurin zai fito kamar facin sabon ƙyalle ga tsohuwar riga. Abin da ya fi wannan muni, fentin mai yana toshe bangon ƙasa. Danshi ya shiga, ya rasa mafita, yaɓe ya kumbura ya faɗo. Ka yi asarar kuɗi, ka yi asarar bango.

Ga yadda za ka yi:

1. Ka bari yaɓen ya bushe sarai.

2. Ka dama farar ƙasa cikin bokiti, ruwa-ruwa kamar madara, ka tace da ƙyalle.

3. Ka zuba launi kaɗan-kaɗan: jar ƙasa ko shuni. Jar ƙasa ta fi jimirin rana. Ɗan ruwan ƙaro zai taimaka ya kama.

4. Ka gwada ga wuri kamar tafin hannu, kusa da tsohon launi, ka jira gobe. Farar ƙasa tana ƙara haske in ta bushe. Kada ka yanke hukunci tana ɗanya.

5. Ka yayyafa wa bango ruwa, ka shafa da safe ko da marece. Shafi mai laushi sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya.

6. Kafin ya bushe, ka daddanna da jiƙaƙƙen tsumma wurin da sabo ya gamu da tsoho, har iyakar ta ɓace.

Ka kiyaye idonka, farar ƙasa tana da zafi. Ka nisanta yara da bokitin.

In gidanka mai tsohon zane ne, ka shawarci dattawan magina kafin ka taɓa shi. Sauran aikin kuwa, ka bar wa rana da ƙura: kafin wata damina sun daidaita maka shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.