Jokic ko Olajuwon: Me ya sa muhawarar ta ƙi ƙarewa?

Daga Fagge zuwa Sabon Gari, masoya ƙwallon kwando da ke haɗuwa a Titin Ibrahim Taiwo sukan yi musu kan matsayin Nikola Jokic a cikin manyan 'yan wasan tsakiya, wato dogayen da ke tsayawa a ƙarƙashin kwando.

Magoya bayan Jokic, ɗan ƙasar Sabiya, suna da hujja. Ya zama gwarzon gasar NBA a 2021, 2022 da 2024, kuma ya kai Denver Nuggets ga kofinta na farko a 2023. Abin da ya bambanta shi shi ne rabon ƙwallo: yakan juya wa kwando baya, ya miƙa wa abokin wasansa ba tare da ya kalle shi ba.

Dattawa kuwa sun fi karkata ga Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma har yau babu wanda ya kai shi tare ƙwallo a tarihin gasar, sau 3,830. Akwai kuma Bill Russell mai kofuna 11, da Kareem Abdul-Jabbar da ya zama gwarzo sau shida.

Tushen saɓanin shi ne zamani. A da ana auna ɗan tsakiya da ƙarfi da tsaro, yanzu ana so ya iya jifa daga nesa ya kuma tsara wasa. A wajen kai hari Jokic ya shiga sahun gaba, amma a tsaro Olajuwon ya yi masa fintinkau.