Fijo 504: Ƙarfen Kilo Ce Ko Dukiyar Gobe?

A Amurka akwai wasu motoci masu ƙaton inji, irin su Pontiac GTO da Dodge Charger, da suka yi tashe daga 1964 har tsadar fetur ta 1973 ta karya kasuwarsu. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 a kan dala miliyan uku da rabi. Masu zuba irin wannan kuɗi akasari dattawa ne da suka yi samartaka suna sha'awar motar ba halin saya. Shi ya sa dillalan can ke fargabar ranar da wannan tsara za ta shuɗe, a bar motocin a hannun jikokin da ba su san daɗinsu ba.

Mu ma muna da tamu. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar ɗaukar amarya. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba fiye da shekara ashirin bayan haka. Duk wanda ya girma a Jega ya san akori-kura ta taso daga Aliero da buhunan albasa har sun fi kan direba tsawo, bayanta ya zauna, ga yaron mota a bisa kaya, ko wagon ta cika maƙil ta nufi Maiyama da Koko. Yau yawancinsu na kwance a bayan gareji, tayoyi sun nutse a ƙasa, awaki na kwana a ƙarƙashi, har mai gwangwan ya zo ya saye a kilo.

A ganina wannan sayarwa asara ce. Za a ce matashin yau Golf da Corolla ya buɗi ido ya gani, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba mai son mota mai kafireto. Gaskiya ne, kuma wanda ya ajiye ruɓaɓɓiyar Fijo yana jiran miliyoyi zai sha jira. Amma kewar ƙuruciya ba ita kaɗai ke yanke farashi ba. Abin da ya ɗaga waccan Cuda shi ne kaɗan aka ƙera irinta, injinta na asali ne, tarihinta kuma a rubuce. Fijo an ƙera ta da yawa, sai dai kowace aka narkar tana ƙara wa sauran daraja, kuma mota ce da ƙasar nan ta haɗa da hannunta, abin da gidan tarihi da masu shirya fim ba za su samu a tokumbo ba.

Saboda haka mai 504 lafiyayya, ko a cikin Jega take ko a ƙauye, ya sa ta a inuwa, ya riƙa tayar da injin, kada ya sauya shi da na wata mota, ya kuma adana takardunta na asali.