Dashen Itatuwa Kyauta: Lissafin Da Ke Gaban Masu Filaye A Jos

Jos — Unguwar Gangare na daga cikin tsofaffin matsugunan Hausawa da haƙar kuza ta haifar a farkon ƙarni na 20. Kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a 1985, amma ramuka da tudun ƙasa da kududdufan da aka bari suna nan. An ƙiyasta cewa haƙar ta lalata fili mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 300 a tsaunukan Jos. A irin wannan ƙasa ce batun bai wa masu filaye dashe kyauta, domin su kafa ƙananan gonakin itatuwa, yake da ma'ana ta kasuwanci.

Tunanin ba sabo ba ne. Dokar ma'adinai ta 1946 ta nemi a riƙa gyara ƙasar da aka haƙe, aka kuma bi wasu wuraren da aka cike da dashen itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti. Itacen ya kama. Sai dai binciken da masana na Jami'ar Durham ta Ingila suka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa turare yana ƙara wa ƙasar tsami, bai mayar da ita ƙasar noma kamar yadda aka yi fata ba. Mai fili da aka miƙa wa dashen turare ya san cewa sanduna da makamashi zai girba, ba gyaran gona ba.

Misalin da ya fi kusa da tallafi na zahiri shi ne na Jihar Katsina. A 1987 Gwamnatin Tarayya da Ƙungiyar Tattalin Arzikin Turai suka fara shirin dashen itatuwa a arewacin jihar, inda aka riƙa raba wa manoma dashe kyauta don su kafa gonakin itatuwa da shingen tare iska, ko su jera su a iyakokin gonaki. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a watan Nuwamba 1995, Tarayyar Turai ta dakatar da taimakonta ga Nijeriya, kuɗin shirin ya tsaya. Itace kuwa ba ya jiran sulhun diflomasiyya. Dashen da bai yi ƙwari ba ruwa yake so a ranin da ke tafe.

A nan lissafin yake. Dashen da ake bayarwa kyauta shi ne mafi araha a cikin kuɗin da gonar itatuwa ke ci. Jos tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, abin da ya fi na Katsina nesa, amma daga Nuwamba zuwa Maris babu ruwa, ga awaki da shanu, ga gobarar daji. Kuɗin shinge, da ban ruwa a ranin farko, da ladan mai gadi, da share ciyawa a kewaye domin tare wuta, duk a wuyan mai fili suke idan tallafin bai haɗa da su ba. Sannan jarin zai kwanta shekara biyar ko fiye kafin a sare sandar farko, a filin da da an shuka masa dankalin Turawa ko kabeji zai kawo kuɗi cikin 'yan watanni. Abin da ke rama wannan jira shi ne turare yana sake tohuwa daga kututture bayan sara, don haka dashe ɗaya yana ba da girbi sau da dama. Masu saye kuma ba su da nisa: 'yan Kasuwar Katako, da magina masu neman sandunan tokara bene, da masu gidajen burodi.

Matsalar da ta fi shafar mutanen Gangare ita ce ta mallaka. Da yawa daga cikin masu noman rani a gaɓar kogin Dilimi da bakin kududdufai haya ko aro suke yi. A al'ada, dasa itace alama ce ta cewa fili naka ne, saboda haka mai fili ba ya yarda ɗan haya ya dasa, shi ma ɗan haya ba zai yi wa wani reno ba. Tallafin da aka keɓe wa masu filaye kaɗai yana tsallake waɗanda suka fi kowa iya ban ruwa. Yarjejeniya a rubuce kan rabon girbi, da shaidar mai unguwa, za ta fi ƙarin dashe amfani.

A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 manoma suka koma renon kututturan da ke tohuwa a gonakinsu ba tare da dashe ba, aikin ya bazu har ya kai kimanin kadada miliyan 5 a ƙasar, musamman bayan da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne.

A watan Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da Dalar Amurka miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19, har da Filato, da kuma Abuja. Bambancinsa da na Katsina shi ne wannan kuɗi rance ne mai sauƙin ruwa. Dashen da ya iso hannun mai fili kyauta daga wannan asusu, baitulmalin ƙasa ne zai biya kuɗinsa, ko ya rayu ko ya bushe.