Leda Na Cin Ribarmu A Kara

'Yan'uwa fatake da dillalai, akwai asarar da muke tafkawa ba mu ankara ba. Sai ka sayi sa da kuɗinka, ka yi ta ba shi dusa da harawa, amma kullum sai rama, ga ciki a kumbure. Ranar da mahauci ya farke tumbi, sai a tarar da baƙar leda ta cure a ciki kamar igiya.

To, me ya kawo haka? Saniya ba ta zaɓe, da harshe take naɗowa ta haɗiye. In rani ya yi tsanani ciyawa ta ƙare, ledar ƙosai ko ta tsire, mai gishiri da maiƙo, ita take bi. Tumbi kuwa ba ya narkar da leda. In ta taru, kanwa ko sassaƙe ba su fid da ita, sai likitan dabbobi ya yi aiki.

Abin bai tsaya ga dabba ba. Da damina leda ke toshe magudanai, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya kwantar da yaranmu. In an ƙone ta, hayaƙin ya illata ƙirji.

Tun 2014 gwamnatin Nijar ta yi dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma doka ba za ta share mana kara ba. Saboda haka kowane turke a ajiye buhun zuba leda, a tsince fili kafin a sauke shanu, mai fura da mai abinci su koma ga ƙwarya da kwano. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.